Shin Karma Ita Ce Alhaki? Tsokaci Daga Bakin Ruwan Yawuri

Akwai wata kalma da ta shigo bakin matasanmu a 'yan shekarun nan ba tare da ta yi sallama ba, ita ce karma. In ɗan siyasa ya faɗi zaɓe, sai ka ga an rubuta a Facebook cewa karma ce ta kama shi. In saurayi ya yaudari yarinya, shi ma wata ta yi masa irin abin da ya yi, sai a ce karma. Abin har ya kai na soma cin karo da ita a cikin labaran da wasu ƙannenmu masu sha'awar rubutu suke kawo mini in duba musu. Da yawansu sun ɗauka cewa alhaki ke nan da Turanci. To, kalmar dai ba ta Turanci ba ce, daga Indiya ta fito. Batun ko ita ce alhakin da muka sani kuwa, shi ne abin da nake so mu ɗan tattauna a wannan fitowa.

Kafin in yi nisa, bari in share wa mai karatu hanya. Ni Musulmi ne ɗan Musulmi, kuma ban ɗauki alƙalami don in tallata addinin wasu ba. Abin da na sani shi ne, wanzami ba ya ɗora aska a kan mutum sai ya san kaifinta. Haka marubuci bai kamata ya ɗora kalma a kan takarda ba sai ya san inda ta fito da irin kayan da take ɗauke da su. Balle kalma irin wannan, wadda ake yanke wa mutane hukunci da ita.

Kamar yawancin tsararrakina, a fina-finan Indiya na fara jin kalmar, domin akwai ma wani fim mai wannan suna da ya fito a 1986, wanda Dilip Kumar ya fito a ciki. Amma wanda ya fara warware mini ita wani malaminmu ne na lissafi a makarantar sakandare a Yelwa, mutumin Siri Lanka, mabiyin addinin Budda. Zamanin nan makarantun Arewa cike suke da malamai daga ƙasashen Asiya. Yakan aike ni kasuwar bakin ruwa in sayo masa kifi, amma da sharaɗi guda: in sayo banda ko wanda ya riga ya mutu, kada in kuskura in nuna tarwaɗa mai motsi in ce a kashe masa. Ranar da na yi ƙarfin hali na ce, "Malam, ai kifi kifi ne, mene ne bambancin?" sai ya amsa mini da cewa in ya nuna mai rai ya ce a kashe, to niyyarsa ta shiga cikin mutuwar kifin, kuma niyyar nan ita ce karma. Da na kai wa kawuna labarin, shi da ya tashi cikin su, sai ya yi dariya har da buga ƙafa, ya ce, "Ɗana, koma ka gaya wa malamin naku, in babu mai saye babu mai su." Ina ganin har gobe maganar kawu tana da ƙarfi. Amma maganar malamin ce ta sa, bayan shekaru, na nemi fassarar littattafansu na karanta.

Mutumin da ake kira Budda sunansa Siddatta Gotama. An haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ɗan gidan sarauta ne, ya bar gida yana da shekara 29, ya soma koyarwa yana da 35, ya yi shekara 45 yana yawo a kwarin Kogin Ganga, ya rasu yana da 80. Almajiransa sun yi ta riƙe maganganunsa da ka har na ƙarnoni, kafin a rubuta su da harshen Pali a Siri Lanka, a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa.

Ma'anar karma a asali ita ce aiki. Tun kafin Budda ana amfani da ita a Indiya, inda malaman Barahma suke nufin ayyukan ibada irin su yanka da ƙona hadaya. Abin da Budda ya zo da shi shi ne, ya ce nauyin aiki yana cikin niyyar mai yin sa, ko da jiki ya yi shi, ko da baki, ko da zuci. Wanda ya taka tururuwa bai sani ba, da wanda ya bi ta ya murƙushe, ba ɗaya suke ba. Ya kuma ce mugun aiki yana da saiwa uku: kwaɗayi da ƙiyayya da ruɗu. Kyakkyawan aiki kuwa daga kishiyoyinsu yake tsirowa, wato sakin hannu da tausayi da fahimta. Aikin shi ne iri, abin da ya biyo baya kuma suna da wata kalma daban da suke kiran sa da ita, wipaka, ma'ana nunar 'ya'yan itace. Ke nan mai cewa karma ta kama wane ya kira girbi da sunan iri. A wajen masu kalmar, karma ita ce abin da hannunka yake yi yanzu.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya ɗauki Arba'una ya san hadisin farko a kan niyya yake, don haka wannan ɓangare ba baƙo ba ne a kunnenmu. Amma daga nan hanya ta rabu, kuma rabuwar ba ƙarama ba ce. Mabiya Budda sun yi imani da cewa ana mutuwa a sake haihuwa, a sake mutuwa, ba iyaka, kuma aikin da bai nuna a wannan rayuwa ba zai nuna a ta gaba ko wata can bayanta. Ba su da Mahalicci mai hisabi a cikin lissafin, aikin ne da kansa yake haifar da sakamakonsa kamar yadda ƙwayar gero take haifar da zangarniya. Babban burinsu ma shi ne su fita daga wannan kewaye gaba ɗaya, abin da suke kira nibbana. Mu kuwa rayuwa ɗaya muka sani, da kabari, da tashi, da ma'auni, da tuba, da rahamar Ubangiji wadda ta rinjayi fushinsa.

Ita kanta kalmar alhaki in ka tona ta za ka ga bambancin. Daga Larabci ta zo, daga haƙƙi. Alhaki haƙƙin wani ne da ya hau kanka, yana da mai shi. Shi ya sa Bahaushe in zai tafi aikin Hajji, ko ya ji ciwo ya tsananta, yakan bi gida gida yana cewa a yafe masa, kuma in mai haƙƙin ya ce na yafe, to kaya sun sauka. A koyarwar Budda babu wanda zai iya sauke maka. Wanda ka cuta yana iya yafewa, wannan kyakkyawan aikinsa ne shi, amma irin da ka shuka yana nan a ƙasa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kalmomin biyu maƙwabta ne kawai, ba 'yan ɗaki ɗaya ba.

Duk da haka, akwai abin da na ƙaru da shi a karatun, kuma ruwan garinmu ne ya taimake ni na gane shi. Duk ɗan Yawuri ko Ngaski ko Shanga ya san Kwara tana cika sau biyu a shekara. Akwai cikar damina, wajen watan Agusta zuwa Oktoba, mai ɗauke da laka, wadda ruwan saman yankinmu ne yake kawo ta, ita masana suke kira farin ruwa. Sannan akwai wata cikar da take zuwa cikin hunturu, daga wajen Disamba, lokacin da ko gajimare babu a sama, ita ce baƙin ruwa. Wannan ruwan saman da ya zuba ne a tsaunukan ƙasar Gini tun da damina, ya bi ta fadamun ƙasar Mali ya yi ta jan ƙafa, ya sauke lakarsa a can, sai bayan watanni ya iso mana. Baƙon da ya ga kogi yana tasowa cikin sanyi zai ce abin ba dalili. Dalilin yana nan, nisa ne kawai ya ɓoye shi. Da na karanta inda Budda ya kasa sakamakon aiki gida uku, mai zuwa nan kusa, da mai zuwa gaba, da mai zuwa can gaba, baƙin ruwa ne ya faɗo mini a rai. Ba sai mutum ya yarda da sake haihuwa ba kafin ya yarda cewa abin da aka yi da damina yana iya iso wa mutane da hunturu.

Dubi sha'anin kifi. An fara gina madatsar Kainji a 1964, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka gama a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. A farkon shekarun 1970 an ƙiyasta kifin da ake kamawa a shekara ya kai wajen tan 28,000. Masunta suka yi ta kwararowa daga ko'ina. Zuwa 1978 ƙiyasin ya dawo wajen tan 4,500. Wani ɓangare na faɗuwar halin kowane sabon tafki ne, domin ciyayi da itatuwan da ruwa ya cinye sukan zama abincin kifi na ɗan lokaci, sannan su ƙare. Amma wani ɓangaren hannun mutane ne. Aka yi ta rage idon kalli. Aka shigo da dala, tarun nan mai ido kamar gidan sauro, wanda ake ja don warangi amma yake kwaso 'ya'yan giwan ruwa da na faliya da na karfasa tun ba su kai tsawon yatsa ba. Wasu marasa tsoron Allah har gamalin suke zubawa a ruwa. Sai da aka kafa wani shirin haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus a 1993, aka zauna da sarakunan ruwa da masarautu, kafin a kai ga hana dala a ƙarshen shekarun 1990. Wani abin sha'awa, Sarki Asoka na Indiya, wanda ya rungumi koyarwar Budda bayan ya ga ɓarnar yaƙin Kalinga a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, ya sa an sassaƙa doka a jikin ginshiƙin dutse mai hana kama kifi da sayar da shi a wasu ranaku na shekara. Shi don tausayin kifin ya yi, mu don cikinmu, amma kifin bai damu da dalili ba in dai an bar shi ya girma.

Kawu yakan ce, "Wanda ya ci ɗan kifi ya ci kifin ɗansa." Ga shuka ga girbi a fili, kuma saiwar ita ce kwaɗayi, ɗaya daga cikin ukun nan. Sai dai a nan ne tambayar da ta dame ni ta taso. Wa ya shuka, wa ya girba? Mai dala ya tara kuɗinsa, ya sayi injin, ya ƙara mata, wani ma da ruwa ya yi sanyi ya naɗe tarunsa ya koma wani tafkin. Wanda ya kwana da yunwa shi ne mai ɗan birgi da ƙaramin kwalekwale, wanda bai taɓa jan dala ba. Bahaushe ya ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. A bakin ruwanmu na sha ganin kwikwiyon ya bar mai shi ya bi maƙwabci. Ko kuwa in ce, abin da ya bi maƙwabcin ba alhaki ba ne, ɓarna ce, alhakin yana nan yana jiran mai shi a inda idonmu ba ya kaiwa.

Haka zancen tashin 1968. Kimanin mutum 44,000 aka tayar daga garuruwansu da tsibiransu don ruwa ya samu wurin kwanciya. Tsohuwar Bussa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, ta nutse. Gungawa, waɗanda suka shahara da noman albasa a tsibirai, aka kwashe da yawansu zuwa tudu. Kakata ta wajen uwa tana cikinsu. Har ta koma ga Allah ba ta daina zancen gidan siminti da aka ba su ba, wanda ta ce da bazara kamar tanderu yake, sai da suka gina ɗakin ƙasa a gefe suka mai da na hukuma wurin ajiya. Takan ce mini, "Maigidana, kabarin uwata yana ƙarƙashin ruwan nan da kuke wanka." Wutar lantarkin da aka tashe su dominta ta haska manyan birane, har da na Jamhuriyar Nijar, ƙauyensu kuwa ya shafe shekaru masu yawa da fitilar a-ci-bal-bal. To, me wannan tsohuwa ta shuka da ta girbi haka?

A nan dole in faɗi gaskiya a kan littattafan Budda, domin akwai wurin da suke ba da amsar da ba ta kwanta mini ba. An ruwaito wani saurayi mai suna Subha ya tambaye shi dalilin da ya sa mutane suka bambanta, wani mai tsawon rai wani gajere, wani mai lafiya wani mai ciwo, wani mawadaci wani matalauci. Amsar ita ce ayyukan rayuwar baya ne suka raba su: mai kisa yakan dawo da gajeren kwana, marowaci yakan dawo matalauci, mai girman kai yakan dawo a gidan da aka raina. Mabiyansa suna cewa manufar ita ce a tsoratar da mai aiki tun bai aikata ba. Amma kowa ya san yadda irin wannan magana take komawa a bakin mai ƙarfi: talaka shi ya jawo wa kansa. A Indiya an daɗe ana danne ƙasƙantattun jinsi da irin wannan fassara. Shi ya sa Dakta Ambedkar, wanda ya jagoranci kwamitin rubuta tsarin mulkin Indiya, ko da ya shiga addinin Budda tare da dubban ɗaruruwan mutanensa a Nagpur ranar 14 ga Oktoba 1956, ya ƙi yarda da cewa aikin wata rayuwa ta baya ne yake sa a haifi mutum a ƙasƙance. Kuma a 2008, da girgizar ƙasa ta kashe mutum wajen 69,000 a lardin Sicuwan na ƙasar Sin, 'yar fim ɗin Amurka Sharon Stone ta yi shaguɓen cewa ko karma ce saboda abin da ake yi wa mutanen Tibet, sai da ta fito ta nemi gafara.

Amma a cikin littattafan nan dai akwai wata ruwaya da ta taka wa wannan fassara burki. Wani mai yawon neman sani da ake kira Siwaka ya tambayi Budda ko gaskiya ne duk abin da mutum yake ji, daɗi ko wuya, sakamakon aikinsa ne na baya. Budda ya ce masu faɗin haka sun wuce gona da iri. Ya lissafa masa dalilai takwas: matsarmama, da majina, da iskar ciki, da haɗuwar ukun, da sauyin yanayi, da rashin kula da kai, da harin da wani ya kawo maka, sannan na takwas nunar aiki. Wato ɗaya ne cikin takwas. A wani wurin kuma ya sa ƙididdige yadda sakamakon aiki yake tafiya cikin abubuwa huɗu da ya ce hankalin mutum ba ya iya kai ƙarshensu. Ashe ko a gidan masu kalmar, ba a ba kowa izinin ya nuna mai wahala da yatsa ya ce ga abin da ya shuka ba.

Wannan magana ta dawo mini sabuwa a 2021. Ranar 26 ga Mayu na wannan shekara wani jirgin ruwa na katako mai ɗauke da mutum fiye da 150, yawancinsu mata da yara da 'yan kasuwa, ya dare ya nutse a tsakanin gaɓar Jihar Neja da Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Jami'ai sun ce jirgin tsoho ne kuma an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa, an kuma ruwaito cewa har da buhunan ƙasar da ake haƙowa a wurin neman zinariya a ciki. Na je gaisuwa wani gida da suka rasa mutum uku. Muna zaune a kan tabarma sai wani mai babbar riga ya gyara murya ya ce ai abin da ake yi a wuraren haƙar zinariyar nan na saɓo ne ya jawo, alhaki ne. Wuri ya yi tsit. Can sai wani tsoho Basarke, wanda ya kwana biyu a ruwa yana tsamo gawa, ya ce, "Allah gafarta Malam, jaririn da na ciro jiya goye a bayan uwarsa, wane saɓo ya yi? Ni dai abin da na gani jirgi ne na mutum tamanin aka zuba masa ninki biyu." Mai babbar riga bai sake magana ba.

Na daɗe ina juya amsar tsohon nan. Bai musa ƙaddara ba, domin shi ne ma ya fi kowa yawan cewa kwana ne ya ƙare. Abin da ya ƙi shi ne a ɗauki laifin masu rai a jibga wa matattu. In aka ce alhakinsu ne ya kama su, to magana ta ƙare, ba sauran tambayar wa ya karɓi kuɗin mutum na ɗari da hamsin, wa ya ga katako ya ruɓe ya ce a ƙara tafiya ɗaya, wa ya kamata ya tsaya a tasha ya ƙirga kai bai tsaya ba, me ya sa babu rigar ruwa ko ɗaya, me ya sa kututturan itatuwan da tafki ya cinye tun 1968 suka yi shekaru suna fasa jirage. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan aiki ne da wani ya yi ko ya ƙi yi, da saninsa. In akwai wurin da kalmar karma ta dace a wannan labari, to a nan ne, wajen masu lodi, tun jirgi bai bar gaɓa ba. Mu ma a namu addinin an umarci mai raƙumi ya ɗaure abinsa sannan ya yi tawakkali.

To, 'yan'uwana marubuta, ina ruwanmu da duk wannan? Ruwanmu ne, har da tsaki, domin babu wanda ya kai mu raba sakamako. Mu ne muke zama da biro mu yanke wa zai haukace a babi na ƙarshe, wa zai makance, wa mota za ta take. Tun farkon ƙagaggun labaranmu wannan jigo yake tafe da mu. A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1930, Abubakar ya tafi neman fansa a kan Malam Shehu da ya aure masa Zainabu, amma sammun a kan yaro Kyauta ya sauka, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Marubutan nan sun ga abin da na gani a bakin ruwa, cewa ɓarna ba ta tsayawa a kan wanda aka nufa. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu kuma ta ɗauki karin maganar kwikwiyon nan ta yi wa littafinta na 1990 suna da ita, kuma abin mamaki, da Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani ne a birnin Chennai na Indiya ya buga shi a 2012, wato alhaki ya kai wa karma ziyara har gida. Abin da ya riƙe wannan littafi a ganina shi ne wahalar Rabi da 'ya'yanta da yadda ta tsaya da ƙafarta, fiye da asarar da ta sami Alhaji Abdu.

Matsalar tana wajen masu koyi da ba su lura da wannan ba. Sai ka karanta littafi shafi ɗari biyu, muguwar kishiya tana cin karenta ba babbaka, marubuci ya rasa yadda zai yi da ita, sai a shafi uku na ƙarshe ya jefo mata kuturta ko hauka ko rashin haihuwa daga sama. Ina roƙon mai yin haka ya tuna cewa a cikin masu karanta shi akwai baiwar Allah da ta shekara goma sha biyar ba ta haihu ba kuma ba ta taɓa cutar kowa ba. Akwai makahon da ƙaninsa yake karanta masa, wanda ƙudan bakin kogi ne ya ɗauke masa ido. In muka saba wa mutane da cewa cuta da nakasa da talauci tambarin mugunta ne, to mu ne muke ɗinka wa mai babbar rigar nan rigarsa.

Ba cewa nake a bar mugu ya tafi salin alin ba. Cewa nake a bar sakamakonsa ya tsiro daga aikinsa, yadda mai karatu zai iya bin sawu daga iri har zangarniya. Maƙaryaci ya wayi gari ya faɗi gaskiya ba mai yarda. Mai dala ya ga ɗansa ya gaji ruwan da babu kifi. Mai lodi ya ci gaba da rayuwa cikin garin da kowa ya san abin da ya yi, yana wucewa ana yin shiru. Wannan ya fi wuyar rubutawa, amma shi ne yake zama a zuciya. Akwai wani misali da aka ruwaito daga Budda wanda yake da amfani ga mai gina taurarin labari: dunƙulen gishiri in ka jefa shi a ɗan kofin ruwa ba ya shawuwa, in ka jefa shi a Kogin Ganga ba wanda zai ji ɗanɗanonsa. Yana nufin kuskure iri ɗaya yakan dulmuyar da mai ƙuntatacciyar zuciya, alhali mai yalwar hali yana iya ɗaukar sa ya wuce. Mu sai mu ce Kwara a maimakon Ganga. Ka ba taurarinka biyu laifi ɗaya, ka bar halin kowanne ya nuna yadda zai ƙare da shi.

Game da kalmar kanta kuwa, shawarata ita ce mu bar wa masu ita abarsu, sai fa in labarin ya kai mu ƙasarsu. Muna da alhaki, muna da haƙƙi, muna da sakayya, muna da ishara, kuma kowacce da inda take zama. Bahaushe ya riga ya ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, ya kuma ce alheri danƙo ne ba ya faɗuwa ƙasa banza. In ka lura, duka biyun da mai shirin aiki suke magana, suna jan kunnensa tun bai ɗaga hannu ba. Ba a yi su don a tsaya a kan wanda ya faɗa rami ana yi masa lissafi ba. Wannan lissafin yana da Mai shi, kuma bai wakilta ko ɗaya daga cikinmu ba.

Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya ba iyalansu haƙuri, ya tsare alƙalumanmu daga ɗaukar alhakin bayinsa. Amin.